Kafin a Ƙone Maganin Shanu

Tun daga bakin kasuwar Tudun Wada Halima ta fara jiyo ƙarar diga. Da ta zagayo bayan Cibiyar Lafiyar Garke, sai ta iske Mudi mai gadi ya tuɓe riga yana haƙa rami, ga galan ɗin kananzir a gefensa. Ba ta tambaye shi ba. Abu ɗaya ake haƙa wa irin wannan rami a cibiyar, wato maganin rigakafin da ya lalace.

"Hajiyar kwamfuta, an tashi lafiya?" in ji Mudi, yana share gumi da bayan hannu. "'Yar taki, ƙararrawar firizar magani, ta sake tsala kuka ɗazu. Likita ya ce yau kam ya gaji da rarrashi."

Ta ɗaga ido ta dubi filin da ke gaban cibiyar. Shanu ne maƙil, farare da jajaye, makiyaya sun rataya sanduna a kafaɗa suna jira. A wannan shekara ta 1997, damina na ɗaukewa ciwon huhu ya ɓulla a rugagen gindin duwatsun Doguwa, ya fara kwantar da shanu. Da ƙyar ƙungiyar makiyayan da ta kafa cibiyar ta samo maganin, kuma an gaya musu in wannan ya ƙare sai baɗi. Can ƙarƙashin wata ɗorawa ta hango Baffa Hamman, ƙanen mahaifinta, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama. Duk abin da gidansu ya mallaka a duniya yana tsaye a bayansa yana tuƙa.

Ta shiga ɗakin firiza da sallama. Dakta Jibrin, likitan dabbobin cibiyar, yana tsaye ya harɗe hannu yana kallon kwamfutar kamar mai kallon ɗan da ya yi masa ƙarya.

"Ranka ya daɗe, ina kwana."

"Lafiya, Halima. Kin ga ramin?"

"Na gani."

"To, kin san ƙa'ida. Maganin nan sai a sanyi ashirin ƙasa da sifili yake rayuwa. In ya yi ƙasa da sha biyar, ƙararrawa ta buga. Tun da aka kawo shi take bugawa jefi-jefi, in na zo da gudu in tarar ta koma ashirin, in ce ko kunnena ne. Yau a gabana ta buga. Goma na gani, ƙuru-ƙuru."

"Wataƙila ba firizar ba ce, ranka ya daɗe. Wataƙila..."

"Wataƙila ba ta yi wa saniya allura." Bai ɗaga murya ba. "Mataccen magani ya fi rashin magani sharri. Wanda bai yi rigakafi ba yana kaffa-kaffa da garkensa. Wanda na tsira wa ruwan banza kuwa, gobe zai kai shanunsa mashaya ɗaya da marasa lafiya, hankalinsa kwance, don likita ya ce. Gara in ƙone shi su zage ni."

Halima ta sunkuyar da kai. Tun tana makaranta haka take, in babba ya yi magana sai harshenta ya yi nauyi, sai bayan an tashi amsar ta zo mata. Ta ƙura wa ƙasa ido ta ce, "Ka ba ni dama in duba."

Ya dubi taga, inda ƙarar digar Mudi take shigowa.

"Na ba ki har ya gama haƙa," in ji shi, ya fita.

Ta zauna gaban kwamfutar. Ita ta haɗa wannan aikin. Akwai wata waya da ta fito daga cikin firizar ta shiga wani katin lantarki da ke cikin kwamfutar, katin shi ke jin sanyi. A da tsohuwar kwamfutar cibiyar kai tsaye take magana da katin. Da ta mutu aka kawo sabuwa, sai ya zama sabuwar ba ta yarda kowa ya taɓa katin da hannunsa. Wani furogiram ne ke tsayawa a tsakani yana kwaikwayon katin, ya ware 'yan gurabe a ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana zuba abin da katin gaskiya ya faɗa a ciki. Aikin Halima shi ne ta rubuta direba, ɗan guntun furogiram ɗin da ke zuwa waɗannan gurabe ya ɗauko lamba ya kai wa ƙararrawa. Ta rubuta shi yadda tsohon yake, bi da bi, don tana tsoron ƙirƙirar abin da ba a sa ta ba.

Gurabe biyu ne ke riƙe da sanyin. Na farko yana riƙe da lambar gomomi, na biyu da ta ɗaiɗai. In sanyi sha tara ne, ɗaya a na farko, tara a na biyu. Direbanta yakan ɗauki na farko, ya dawo ya ɗauki na biyu, ya jera su. Ta karanta rubutun nata daga sama har ƙasa, ta sake karantawa. Ba ta ga aibu ba. Da ma mai ɗaki ba ya jin warin ɗakinsa.

Aka ƙwanƙwasa taga. Baffa Hamman ne, ya leƙo da malfarsa a hannu.

"Halimatu, jam? Lafiya dai? Mun kwana a hanya da dabbobi, ga rana tana ɗagawa. Mutane suna cewa wai rami ake yi wa maganin. Gaskiya ne?"

"Baffa, ana dubawa ne."

"Wa ke dubawa?"

"Ni."

"To, Allah ya ba da sa'a. Amma ki sani Arɗo ya ce in babu, a faɗa musu da wuri, su juya kafin shanu su galabaita." Ya mayar da malfarsa ya tafi.

Ta ji kamar ta kifa kai a tebur. Maimakon haka ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Direban yakan leƙa gurabe ne lokaci-lokaci. Sai ta sake shi ya yi ta karantawa ba hutawa, yana zubo duk abin da ya gani a fuskar kwamfutar. Lambobi suka fara gangarowa kamar ruwan indararo. Sha tara, sha tara, ashirin, ashirin, sha tara. Firizar tana tsaye ne daidai kan iyaka, tana 'yar rawa tsakanin biyun. Idanunta suka fara yaji. A waje diga ta daina ƙara, shebur ya karɓa, wato Mudi ya fara kwashe ƙasa.

Sai goma ta gifta, ƙararrawa ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Ba ta ɗauke ido ba. Ashirin, ashirin, sannan wata lamba ta wuce wadda ta sa ta danna maɓalli ta tsayar da komai.

Ashirin da tara.

Wannan firizar ko sabuwa ce fil ba ta isa ta kai sanyi ashirin da tara ba. Kuma ba wanda ya taɓa lura da ita, domin ƙararrawa zafi take yi wa kuka, ba sanyi ba. Halima ta dubi lambar da ke samanta, ashirin. Ta dubi ta ƙasanta, sha tara. Biyun ashirin, taran sha tara. Ta koma kan goman. Samanta sha tara, ƙasanta ashirin. Ɗayan sha tara, sifilin ashirin.

"Innalillahi," ta faɗa a hankali.

Tsakanin ɗaukar gurbi na farko da dawowa ɗaukar na biyu, lambar takan canza. Direbanta sai ya haɗa kan tsohuwa da wutsiyar sabuwa ya kai wa ƙararrawa. Katin gaskiya, in aka taɓa gurbinsa na farko, yakan daskare har a ɗauki na biyu, shi ya sa tsohuwar hanya ba ta taɓa ba da matsala ba. Na kwaikwayon kuwa ba ya jiran kowa. To, in ba ya jira, ai dole ya bar wata alama. Ta buɗe guraben duka tana kallonsu tsirara. Akwai na uku, wanda tun ranar farko ta gan shi ta ƙyale, don tsohon katin ba shi da shi, kuma lambar cikinsa ba ta yi kama da sanyi ba, hawa kawai take yi. Yanzu ta zuba masa ido. Duk sanda aka sake zuba sanyi a gurabe biyun, sai ya ƙaru da ɗaya.

Nan take ta fara gyara. A duba gurbi na uku tukuna. A ɗauki na farko, a ɗauki na biyu. A koma a sake duba na uku. In yana nan yadda aka bar shi, lambar sahihiya ce. In ya motsa, a watsar da abin da aka ɗauko a sake daga farko. Sau biyu tana kuskuren bugawa saboda sauri. Tana cikin haɗa shi ta ji shebur ya yi shiru.

Dakta Jibrin ya shigo, Mudi na biye da shi riƙe da kwalin kwashe maganin.

"Rami ya isa, Halima."

"Ranka ya daɗe, don Allah ka sa ma'auninka na gilashi a ciki, ka zo ka tsaya nan." Ita kanta ta yi mamakin muryarta.

Ya dube ta, ya ɗauko ma'aunin ya sa a firizar ya rufe. Ta kunna tsohon direban a gefen hagu, sabon a gefen dama, duka suna gudu. Suka tsaya su uku. Sha tara, ashirin, sha tara. Babu abin da ya faru. Gumi ya gangaro mata ta cikin mayafi. Mudi ya sauya wa kwalin hannu. Wata saniya ta yi kuka a waje, wani ya daka mata tsawa da Fulatanci.

"Halima..." in ji likita.

Ƙararrawa ta tsala ƙara. Hagu ya nuna goma, dama ya nuna ashirin. Likita ya fizge murfin firizar ya zaro ma'aunin ya kai shi saitin haske. Ya daɗe yana dubawa. Kafin ya ajiye, hagu ya sake giftawa da ashirin da tara.

"Kai!" in ji Mudi. "Wannan ai ta fi dillalin shanu iya zance."

Halima ta yi masa bayanin gurabe ukun, tana inda-inda, tana nunawa da yatsa. Ya saurara har ta gama. Fuskarsa ba ta saki ba.

"Na yarda ƙarya take yi," in ji shi. "Amma kin san me kika gaya mini? Kin ce duk makonnin nan maƙaryacin shaida na sa yana gadin maganin. Wanda ya yi ƙarya ya ɗaure mutum, ai ba za a karɓi maganarsa a wanke shi ba. Ina na san bai taɓa yin zafin gaske ba?"

Mudi ya matso da kwalin kusa da firizar. Halima ta runtse ido, ta tilasta wa kanta tunani.

"Ranka ya daɗe, da ta buga a gabanka, nawa ka gani?"

"Na gaya miki, goma."

"Kullum?"

Ya juya ga Mudi. Mudi ya ce, "Ni dai ban yi boko mai nisa ba, amma sanda ɗaya da ƙwai ɗaya nake gani kullum."

"Firiza ba ta tsalle," in ji Halima. "In da zafin gaske ne, sai ta bi ta sha takwas, sha bakwai, a hankali, kuma a sha huɗu ƙararrawa za ta fara bugawa, ta yi ta bugawa ba ta daina ba. Wannan kuskuren ba ya iya ɓoye sha huɗu. A bakin sha tara da ashirin kaɗai yake faruwa. Ba a taɓa jin ta a sha huɗu ba."

Likita ya ɗauko kwalba ɗaya, 'yar ƙarama, ya jujjuya ta a yatsunsa, ya mayar.

"Ajiye kwalin, Mudi. Kawo akwatin ƙanƙara." Ya dubi Halima. "Amma ba zan ɓoye musu ba. Sun ga rami. Ke za ki fito ki tsaya kusa da ni."

A bakin shingen allura makiyaya suka taru. Likita ya faɗa musu abin da ya faru ba ƙari ba ragi, ya ce shi ya gamsu, amma ba ya tilasta wa kowa. Ba wanda ya motsa. Maganin da aka haƙa wa kabari da safe, shi za a tsira wa dukiyarsu da hantsi? Idanu suka koma kan Baffa Hamman ɗaya bayan ɗaya, tunda 'yarsa ce.

Ya tako har gabanta, ya dogara sandarsa.

"Halimatu, ni ban san kwamfuta ba. Ke nake tambaya. Maganin nan yana da rai?"

Ta so ta ce i kawai, a wuce wurin. Ta dubi shanun da ke bayansa, ta san kowacce da sunanta.

"Baffa, cikin kwalbar ban gani ba, ba wanda ya gani. Abin da na gani shi ne bai taɓa barin sanyinsa ba. Wannan na tabbata."

"Kin tabbata."

"Na tabbata."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya juya ya yi wata 'yar fito, babban bijimin garken ya ɗago kai ya taho, sauran suka biyo shi cikin shingen. Dakta Jibrin ya yi bisimilla ya tsira allurar farko. Daga can baya Arɗo ya ɗaga murya yana cewa a bi layi, kada a haɗa garke da garke.

Halima ta karɓi akwatin ƙanƙarar daga hannun Mudi ta rungume shi, ta juya wa rana baya don inuwarta ta rufe shi. Haka ta tsaya har garken gidansu ya gama wucewa.