Gawayi a Bakin Taga

Maigidana tela ne. A bakin taga ya ajiye kekensa don ya riƙa ganin kafar allura. Muna da kyanwa baƙa wuluk, shi ya raɗa mata Gawayi, kullum tana kan cinyarsa. Ni kuwa daga bakin ƙofa nake ɗaukarsu hoto da wayata. In na nuna masa sai ya yi dariya, ya ce, "Wannan ni ne ko buhu?"

Bayan rasuwarsa, 'yarmu da ke aure nesa ta bugo waya.

"Mama, turo min hoton Baba inda fuskarsa ta fito. In jikanki ya girma ina so ya san shi."

Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Taga ta yi fari fat, shi da kyanwar sun haɗe sun zama inuwa guda.

Na kai wa mai hoto na bakin titinmu wayar. Ya danna nan, ya danna can, hoton ya yi fari-fari kamar toka. Hularsa ta fito, da tabarau. Fuska babu.

"Mama, ki yi haƙuri. Hasken yana bayansa, abin da waya ba ta gani ba, ba zan iya fito da shi ba."

"To da ina zan tsaya, ɗana?"

"Ki ba taga baya. Kuma ki durƙusa daidai idon kyanwar. Kar ki kunna fitilar waya, idonta zai koma na aljani."

Na ce, "Ai dama aljanar ce, kifina da take sacewa ya shaida."

Ya yi dariya. Ni ma na so in yi.

Da hantsi Gawayi ta hau kujerar maigidana, yadda ta saba. Na ratsa tsakanin keke da bango, na ba taga baya, na durƙusa gwiwoyina suna ƙara. Na ɗauka.

Ashe ba baƙa ba ce duka. Akwai farin gashi a haɓarta, ban taɓa lura ba. Matashin kujerar ma ya fito sarai, da lotsawar da zamansa ya bari, da jan zare maƙale a gefe.

Wannan hoton na tura wa 'yata. Can ta rubuto, "Mama, me take kallo haka?"

Ƙofa take kallo.