Gadon da Ya Koma Ƙofofi

Kafinta ya ɗauki mai ba da shawarar kasuwanci saboda ya ga takardun shaida shida a bangon ofishinsa, cikin wata huɗu shago ya mutu murus. Mutumin ya sa an mai da bencin aiki bayan shago, an kafa gilashi a gaba. Masu wucewa da ke tsayawa kallon aiki har su yi oda suka daina tsayawa.

Ƙanensa, wanda shi kaɗai ya rage masa a aiki, ya ajiye zarto ya ce, "Yaya, ƙarshen wata zan koma tuƙi. Na gaji da goge gilashi."

"Ka ba ni watan. Wani zan nemo, amma wannan karon da ƙafata zan zaɓa."

Duk wanda aka kwatanta masa, tambaya ɗaya yake yi: "Faɗa min shago biyu da ka taɓa gyarawa, in je in gani." Na farko ya ce sirrin aiki ne. Na biyu ya miƙo waya a kalli hotuna. Kafinta ya ce, "Malam, hoto ba ya gardama. Mutum nake so." Ta ukun wata dattijuwa ce da ta yi shekara ashirin tana sayar da kayan ɗaki. Ta kwatanta masa shago uku, har da wanda ya rufe a hannunta. Duk ya taka. Wani mai walda daga cikin masu shagunan ya ce masa, "Bakinta ba daɗi, amma ga aiki nan, duba."

Ta zo ta nemi kujera, ta kwana uku tana zuwa tana kallon masu leƙowa kawai. Ƙanen ya raɗa masa, "Yaya, mai gadi ka ɗauko mana?"

Ranar huɗu ta ce a cire gilashi, a dawo da benci bakin titi. Kafinta har ya fara murmushi, sai ta nuna wani ƙaton gado mai sassaƙa a lungu.

"Wata nawa ka yi a kan wannan?"

"Uku, Baba. Salon sassaƙar mahaifinmu ne, ba mai irinsa."

"Ba mai sayensa kuma. Mutum tara suka leƙo ina zaune, bakwai ƙofa suka tambaya. Kai kuma ka ja su ganin gado, suka yaba, suka tafi. Ƙofa za ka yi, ƙofa kawai."

Ransa ya ɓaci. "Ni kafinta ne ko mai yanka falanki?"

"Wancan mai takardun ya faɗa maka abin da kake son ji, ɗana. Ni ka bi sawuna da ƙafarka. Zaɓi ya rage naka."

Ya dubi ƙanensa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

A satin aka kawo odar ƙofa biyar, ba busasshen katako a shagon sai na jikin gadon. Kafinta bai bar kowa ya taɓa ba. Da hannunsa ya kwance shi, ya ɗora allon kai a benci, ya bi furannin sassaƙar da magogin katako har suka shafe. Ƙanen ya fasa tafiya, shago ya farfaɗo. Kafinta kuwa tun daga ranar bai sake sassaƙa ko ganye ɗaya ba.