Tulun Irin Albasar Uwa

A Zongo, in ka ce kana neman gidan Isiyaku, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Isiyaku mai tulu, har mai sayar da gawayi zai nuna maka ƙofar da baki.

Tulun ba babba ba ne. Mahaifiyarsa, Uwa, ita ta zo da shi daga Nijar a bayan motar shanu, tun suna zaune kusa da unguwar Peuloghin, kafin a rushe gidajen wajen. Irin albasa ne a ciki, baƙi, ƙanana, an cuɗa shi da toka. Albasar da yake bayarwa ja ce kamar ƙafar tantabara, kuma sau da yawa biyu take fitowa manne da juna, kamar tagwaye masu tsoron rabuwa. Matan kasuwa suna cewa ba ta sa hawaye sai in an yanka ta da fushi.

Da wannan irin Isiyaku ya tara masu lambu na bakin madatsar ruwa. A da kowa shi kaɗai yake kai kayansa kasuwa, dillalai su yi masa yadda suka ga dama. Ya ce su haɗa kai, su yi koperatif, su sayar da baki ɗaya. Suka zaɓe shi shugaba, suna kiransa Perzidan. Tun shekarar farko aka tsayar da al'ada: kowa ya sayar da albasarsa duka, shugaba kaɗai ke renon ta iri. In ta yi fure ta bushe, a zuba a tulu, a liƙe bakin da laka. In damina ta janye, shugaba ne zai fasa lakar da ƙotar wuƙar Uwa, ya ba kowa cikin tafin hannu. Ba wanda ya taɓa tunanin wani hannu zai taɓa lakar nan.

Siyasa ta same shi ne a cikin lambu, ranar da wasu mutane suka zo da igiyar awo da jan fenti suna shafa wa itatuwa alama, wai za a yi gine-gine. Isiyaku ya shiga jam'iyyar adawa. Ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa, ya faɗi. Ya sake tsayawa, ya sake faɗuwa. Yana yawon kamfe a kan keke mai ƙararrawar rago, yana magana da Hausa, ya juya Mosanci, yaren 'yan gari, ya ƙarasa da Faransancin da ya tsinta a bakin direbobi. Hotunansa da aka manna a bango, akuyar Rabo ce ta cinye rabinsu.

Rabo shi ne mataimakinsa, tare suka taso. Yakan ce masa, "Perzidan, ka gode wa Allah. A duk Zongo akuyata ce kaɗai ta ƙoshi da siyasarka."

Isiyaku ya yi dariya ya ce, "Ita dai ta ɗanɗana kafin ta yanke hukunci. Ku fa?"

Maganarsa a kowane taro ɗaya ce: abin da yake na kowa, kada a bar shi a hannun mutum ɗaya, ko da mutumin kirki ne. Mutane su tafa, su koma gida su zaɓi mai raba shinkafa.

Da masu jan fenti suka dawo da motar rusau, Isiyaku ya ja masu lambu suka juye buhunan albasa a ƙofar ofishin da ya aiko su. Albasa ta yi ta gangarawa kan titi, masu mobilet, ƙananan baburan nan, suna kaucewa. An fasa rusau ɗin. Amma da safe jandarmomi suka zo gidansa, suka same shi yana wanke laka daga hannunsa, don a ranar ya liƙe tulu. Ya dubi matarsa Dela ya ce, "Ki kula da tulun. Ba zan daɗe ba." Suka tafi da shi.

Damina ta zo ta janye, bai dawo ba. Masu lambu suka taru a tsakar gidan Dela, tulun yana ƙarƙashin rumfa an lulluɓe shi da tsohon zane.

Bilkisu, wadda ke da fangali mafi yawa cikin mata, ta ce, "Yaya Rabo, ka fasa lakar nan. Irin albasa ba ya jiran kowa, ka sani, na sani."

Rabo ya ce, "In na fasa, na zama shugaba ke nan. Abin da waɗanda suka kama shi suke so ke nan, su ji an ce Zongo ta yi sabon Perzidan tun na farko yana da rai."

"To Inna Dela ta fasa."

Dela ta girgiza kai. "Cewa ya yi in kula da shi. Bai ce in buɗe ba."

Wani ya ce ya ji daga bakin wani direba za a sake shi kafin Sallah. Aka yarda a sayi iri a kasuwa, na bana kawai. Albasar Uwa da ta rage a rumbuna kuwa an riga an sayar, kamar kullum.

Haka aka yi ta yi. Kowace shekara Bilkisu ta yi magana, kowace shekara a sami direban da ya ji labari. In Dela ta je ziyara gidan yari, Isiyaku ya tambaye ta tulu, sai ta ce, "Yana nan lafiya lau, Malam." Shi kuma sai ya ɗauka ana fasawa ana mayarwa. Ba ta yi ƙarya ba, shi ma bai tambaya da kyau ba.

Sai da aka yi juyin gwamnati aka sako shi. Ya dawo da tari, gemunsa fari fat, ƙafa ɗaya tana ja. Zongo ta fito da kalangu. Aka zaunar da shi ƙarƙashin rumfa, Rabo ya yaye zanen da alfahari, ya miƙa masa wuƙar Uwa.

"Ga amanarka, Perzidan. Ko ƙuda bai sauka a kai ba."

Isiyaku ya sunkuya. A jikin lakar ya ga shatin yatsunsa, na ranar da aka tafi da shi. Ya daɗe yana kallo. Masu kalangu suka daina kiɗa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Rabo, tun ranar?"

"Tun ranar."

"Ba wanda ya ajiye ko ƙwaya ɗaya ya shuka?"

Bilkisu ta ja mayafi ta rufe fuska. Isiyaku ya fasa lakar. Warin toka ya taso. Ya ɗebi irin ya murza a tafinsa, ya ba kowa rabonsa yadda aka saba.

Kowa ya shuka. Shi ma ya gyara fangali ɗaya a bakin ruwa da hannunsa, ya yayyafa, ya rufe da ciyawa. Lokacin tsiro ya yi ya wuce. A lambun kowa ba abin da ya fito sai wata ciyawa mai ƙaya da wasu ƙananan kwaɗi da suka mai da fangalin wurin zama. Sauran suka haƙura suka koma irin kasuwa. Isiyaku kuwa kullum da hantsi sai ya ja ƙafa ya je, ya cika garwa rabi, don ba ya iya ɗaukar cikakkiya, ya ba ƙasar ruwa. Wani lokaci a ji yana yi wa kwaɗin magana, yana tambayarsu ko sun ga wani abu a ƙasa.

'Yan jam'iyya suka zo daga unguwar Dassasgho da mota, suka ce yanzu lokacinsa ne, in ya tsaya ba mai kayar da shi. Ya ce su yi haƙuri, yana da ban ruwa.

Rabo ya kasa jurewa. Ranar wata Juma'a, Isiyaku yana masallaci, shi da Bilkisu suka je suka yayyafa irin kasuwa a fangalin, suka mayar da ciyawa yadda take. Ba a daɗe ba ƙasar ta yi kore, sirara kamar gashin jariri.

Rabo ya je ya ɗauko shi a mobilet yana ihu tun daga ƙofa. "Perzidan, taso ka ga ikon Allah! Uwa ta farka!"

Isiyaku ya durƙusa da ƙyar. Ya tsinke ganye ɗaya, ya murza, ya kai hanci. Ya tona gindin wani da farce, ya ga fari ne, ba ja ba. Ya mayar da ƙasar a hankali, ya danna da yatsa.

"Rabo, tun muna yara ba ka iya ƙarya ba. Kunnenka ke motsi."

Rabo ya kama kunnensa, sai hawaye. "Ni na kashe ta, Isiyaku. Don girmanka na ƙi taɓawa."

"Kai ka ƙi taɓawa, ni kuma na saba muku da kada ku taɓa. Na yi ta ihu a kan keke a kan wasu, ga tulu a gidana." Ya yi tari har sai da Bilkisu ta riƙe shi. "Ku ci gaba da ba wannan ruwa, ita ma rai ce. In ta yi iri, kowane gida ya ajiye nasa, ko a gwangwanin madara. Kada wanda ya sake jiran wani."

Bai ga ta yi fure ba. Ya rasu ana tsakiyar dashe, aka kai shi da rana, masu lambu da laka a ƙafafunsu.

Yanzu a Zongo kowane mai lambu yana da gwangwaninsa. Tulun yana nan ƙarƙashin rumfar Dela, baki a buɗe, wata kaza ta ga dama tana ƙwai a ciki. Albasar da Bilkisu ke kawo mata fara ce, guda guda, ba tagwaye. In Dela ta zauna yankawa don miya, hawaye sai ya yi ta zuba har haɓa, alhali ba da fushi take yankawa ba.