Ranar da Motar Lirwanu Ta Yi Shiru

"Sake tada ta," in ji Mainasara bakanike, kansa na cikin bonet.

Lirwanu ya murɗa makulli. Inji ya kama, kukan kuma ya biyo baya, siririn ƙara mai shiga har cikin haƙori. Akuyar da ke kwance gindin dalbejiyar garejin ta miƙe ta canza wuri.

Tun da aka canza wa tsohuwar Fijon nan altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, take wannan kuka. Lirwanu direba ne, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Bukkuyum da Adabka, yakan kuma ƙarasa ƙauyensu, Tungar Kirya, ya gai da mahaifiyarsa. Da farko ko a jikinsa. Batir na caji, mota na tafiya, sai me? Yaran hanya suka raɗa mata suna Mai Guɗa, fasinjoji na toshe kunne suna yi masa tsiya, shi kuwa yana cewa sai ya samu sarari. Irin mutanen nan ne da ba su kai mota gareji sai ta kwanta da kanta.

Yau ce ta sha bamban. Da hantsi wani ɗan kabu-kabu ya kawo masa saƙon ƙanwarsa Sahura: 'yan bindiga sun shiga tungar da ke maƙwabtaka da su, mutane na ta barin gari, Inna kuwa gwiwoyinta ba za su iya hawan babur ba. Ya zo ya ɗauke su yau, kafin magariba. Waya ba ta shiga can, balle ya ce su jira gobe. Hanyar kuma tana ratsa wani daji da a shekarar nan ta 2018 ko tari mutum ba ya son yi a ciki. Lirwanu ya tuna yadda kukan motarsa ke riga shi isa gari. Shi ya sa ya biyo ta gareji, da niyyar a yi masa aikin minti kaɗan.

Sai dai Mainasara bai san wani abu wai shi minti kaɗan ba. Dattijo ne mai furfura a gemu, wanda ko gobara ake yi sai ya goge hannunsa da tsumma kafin ya tashi. Ya ɗauko buta, ya tsiyaya ruwa a kan fambel, bel ɗin robar da ke juya altaneta. Kukan ya ɗauke ɗif. Kafin Lirwanu ya gama buɗe baki, kukan ya dawo.

"Ka jiya?" in ji Mainasara. "Ba boris ba na, ƙwallayen ga na cikin altaneta. In boris na yal lalace, ruwa ba ya hana shi kuka. Bel na ka zamewa."

"To a ɗaure shi, Baba Mainasara. Rana na tahiya."

"Za a ɗaure shi."

Aka ɗaure. Kukan ya ragu, sai dai bai mutu ba. Mainasara ya kwance bel ɗin gaba ɗaya, ya juya kowane fuli, wato faifan da bel ke hawa, da hannu yana kasa kunne, sannan ya ɗaga bel ɗin sama yana duba gefensa. Gefen ya yi sulɓi, yana ta sheƙi.

"Wanga ya ƙone. Tai ka sawo wani."

Lirwanu ya ruga tasha. Mai shagon kayan mota ya tafi ɗaurin aure, na kusa da shi kuma ba shi da irin na Fijo, sai da suka zazzage buhu guda kafin a dace. Ko da ya dawo, inuwar dalbejiya ta koma ƙarƙashin gindinta. Aka sa sabon bel, aka tada mota, shiru. Lirwanu bai ko tsaya sallama ba, ya faɗa ciki ya ja. Bai kai bakin titi ba, da ya taka totur da ɗan ƙarfi, Mai Guɗa ta rangaɗa, har wata mai tallan fura ta dafe ƙwaryarta.

Ya dawo da baya, ya fito ya bugo ƙofa.

"Baba, wasa mukai? Inna na can ta ɗaure kaya tana jirana."

"Na sani," in ji Mainasara. "In kana so ka tahi hakanan, ga hanya. Amma abin da yac cinye tsohon bel shina nan, kuma shi ka cinye sabo. In ya tsinke maka tsakiyar daji, wa kaka kira?"

Lirwanu ya miƙa masa makulli. Aka kira azahar, suka yi salla a masallacin gareji, amma Allah ne shaida bai san abin da ya karanta ba. Zuciyarsa na Tungar Kirya. Yana ganin Inna zaune bisa tabarma a ƙofar ɗaki, Sahura na leƙen hanya. Haushin kansa ya kama shi, don tun makonni da suka wuce ya kamata a yi wannan aiki, ya tsaya yana dariya da fasinjoji.

Bayan salla Mainasara ya tsuguna gaban inji ya daɗe yana kallo, bai taɓa komai ba. Lirwanu na kai da kawo, ya zauna kan tsohuwar taya, ya tashi, ya duba rana, ya sake zama. Can dattijon ya zare zare daga bakin wani buhu, ya miƙe shi daga fulin inji zuwa na altaneta.

"Taho ka gani."

Lirwanu ya sunkuya. Zaren ya kwanta lif a jikin fulin inji, amma na altaneta ya ja baya, akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba.

"Wa ya sa maka altanetagga?"

"Wani rewaya, mai gyaran wutar mota, a Gummi. 'Yar Kwatano ta."

"Lahiyatta lau. Amma ba ta wagga mota ba ta, zamanta bai yi daidai ba. Bel shina tahiya a karkace, ko ka ɗaure shi har shi tsage, sai ya yi kuka."

Maganin duk wannan wahala bai wuce 'yan zobban ƙarfe ba. Mainasara ya tona gwangwanin tarkacensa ya zaɓo su, ya kwance altaneta, ya cusa su a mazauninta har ta matso gaba, ya sake gwadawa da zare. Ya mai da bel, ya nuna wa Lirwanu notin da ke riƙe ƙarfinsa, ya ɗaure tamau. Aka tada mota, aka kunna fitilu, aka taka totur har ƙasa. Ba abin da ake ji sai gurnanin inji.

"Allah shi kiyaye hanya," in ji Mainasara. "Ka gai da Inna."

La'asar a hanya ta same shi. Ya bar kwalta, ya kama burji mai ramuka, ruwan damina ya gama cinye gefensa. Da ya shiga dajin sai ya sauke gilashi, ya rage wuta, yana tafe yana salati. Babu babur, babu makiyayi, babu ko mai itace. Motar ta ratsa sumul, ba ta ce uffan ba, har ya ji yana son ya shafa mata sitiyari don godiya. Ya fita daga daji rana ta yi ja, amma da sauranta.

Ya shiga Tungar Kirya ya tsaya a ƙofar gidansu. Ba yaro ko ɗaya da ya biyo mota. Ya yi sallama, ba amsa. A tsakar gida ga ƙullin kaya an jera, ga tabarmar Inna a shimfiɗe da carbinta a kai, ga tukunya bisa murhu tana tafasa, wutar ko cinyewa ba ta yi ba. Takalmin Sahura ƙafa ɗaya na bakin zaure.

Ya fito da sauri. Ya leƙa maƙwabta, haka. Ya duba ƙasa, babu sawun babura, babu jini, ba a fasa ko rumbu ba. Ya fita bayan gari, inda gonakin dawa suka fi tsayin mutum suka miƙe har fadama, ya kira Sahura, ya kira Inna, har muryarsa ta dushe. Iska ce kawai ke kaɗa ganye. Ya koma ya danna hon, ya sake dannawa, sai ya hango can nesa kan dawa na motsi. Motsin yana ƙara nisa ne.

Nan ya tsaya cak. Mutanen nan sun ji mota ta nufo gari da yamma, motar da ba su san muryarta ba, suka watse. Shi suke gudu. Kowane hon da ya danna ƙara kora su yake cikin gona, da tsohuwar da ko tsakar gida ba ta iya ƙetarewa sai an riƙe ta.

Ya buɗe bonet. Ya ɗauko sifana a ƙarƙashin kujera, ya ɗora a kan notin da Mainasara ya ɗaure, ya sassauta shi. Ya tada mota, ya kunna fitilu, ya taka totur.

Mai Guɗa ta rangaɗa. Kukan ya haye rufin ɗakuna, ya bi kan gonaki har fadama, ya kuma bi hanyar dajin da Lirwanu ya ratso.

An ɗan jima kafin dawa ta dare. Wasu yara ne suka fara fitowa, sai wani tsoho da akuyarsa, sai Sahura, ƙafa ɗaya ba takalmi, tana tallafe da Inna. Zanen tsohuwar duk laka, tana numfashi sama-sama. Lirwanu ya tare ta da gudu.

"Allah ya so ka, ɗanga," in ji ta. "Wasu sun shigo ɗazu da mota, shiru awa ɓarayi, suna ta busa. Ba ka gamu da su ba?"

Lirwanu ya dubi Sahura, ya dubi ƙasa. "Ban gamu da kowa ba, Inna."

Ya zaunar da ita a kujerar gaba, Sahura ta shiga kwaso kaya. Ya miƙa hannu zai kashe mota ya mai da noti, Inna ta riƙe masa hannu.

"Mi za ka yi?"

"Kukan zan kashe, Inna. Ana jin shi har daji."

"Asabe maƙwabciyarmu na can ƙasan hwadama da ɗiyanta ƙanana. Ita tag goyo ni har tsakiyar gona. In ta daina jin motagga, can za su kwana."

Lirwanu ya dubi rana, saura kaɗan ta taɓa kan dawa. Ya juya ya dubi bakin dajin, inda hanya ta shige cikin itatuwa. Inna ba ta saki hannunsa ba.

Ya zauna, ya ɗora ƙafa a kan totur, ya taka.