Kifin da Baba Ya 'Yanta

Babanmu tela ne, kuma a shago in ya ɗaga murya har kekunan ɗinki sai sun yi tsit. A gida kuwa Mama ce mai magana, shi nasa "to" ne kawai.

Wata rana ya sayo kifayen ado guda biyu, masu launin lemo da fararen ɗamara, ya sa su a tankin gilashi a falo. Mai kifin ya gaya masa babbar ita ce macen, ƙaramin mijinta. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta mallake 'yar tukunyar da ke ƙasan ruwa, ta riga shi abinci, in ya matso ta kai masa cizo a wutsiya. Shi kuma sai ya karkata gefe guda ya hau kakkarwa a gabanta har ta ƙyale shi.

Mu dariya muke sha, amma Baba ko murmushi ba ya yi. Sai ya tsaya gaban gilashin ya goya hannu, yana ƙwafa.

"Malam, shayinka zai huce," in ji Mama.

"To," ya ce, bai juyo ba.

Rannan Mama ta fita unguwa, sai Baba ya tsame ƙaramin ya kai shi shago, ya yi masa tanki nasa shi kaɗai kusa da teburin yanka. Na sha kama shi yana barbaɗa masa abinci yana raɗa: "Ci ka ƙoshi, ɗan'uwa. Ranar da ka koma, tukunyar nan taka ce."

Kifi ya ci, ya yi wuya, ya yi ƙiba. Bayan watanni Baba ya dawo da shi cikin bokiti, ya tara mu duka a falo har da Mama, ya juye shi a tankin yana haskakawa kamar ango.

Wannan karon babu kakkarwa. Suka haɗa baki da baki suna juyi, yashi ya tashi, ruwa ya gurɓace. Da farko Baba har da "Yauwa!" Da ya ga fiffiken mutuminsa ya yage, sai murya ta canza.

"Kira mana mai kifin nan," Mama ta ce da ni.

Na kira, na buɗe muryar wayar, na yi masa bayani.

"Kai, ku raba su yanzu!" in ji mai kifin. "Kakkarwar nan da kuka gani ita ce zaman lafiyarsu. Irin kifin nan in namiji ya zauna babu mace a kansa, girma yake yi ya rikiɗe ya zama mace, kuma ba ya komawa. Mata biyu ke gare ku yanzu. In kun bar su, ɗaya sai ta mutu."

Baba ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya tsamo mutuniyar tasa ya mayar da ita bokiti. Ya tsuguna gaban bokitin ya daɗe yana kallo, wallahi har ya ba ni tausayi.

Mama ta leƙa bokitin ta bayansa, ta dafa masa kafaɗa.

"Ka gani ko, Malam? Ka ba shi gida, ka ba shi abinci, ka ba shi 'yanci, da ya rasa abin da zai zama sai ya zama ni."

Ta miƙa masa shayinsa. Ya ɗan karkata gefe guda ya karɓa.

"To," in ji Baba.