Gwiwar Saude a Kan Ƙanƙara

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu raina bai huce ba.

Na ga kududdufin bayan gidanmu ya daskare ya zama ƙanƙara, ga rana tsaka tana dukan mutane. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, kowa ya juya lemarsa ƙasa don kada ya jiƙe. Wannan bai dame ni ba. Damuwata Saude ce, 'yar ƙanena da na riƙa tun tana shekara uku. A ido biyu malamar firamare ce, ko keke ba ta iya ba. A mafarkin kuwa gwanar zamiya a kan ƙanƙara ce, wasan nan da mace ɗaya take shiga fili da takalma masu wuƙa a ƙasa, ta yi tsalle, ta wulwula kamar maburgi, alƙalai su ba ta maki.

Shekara goma sha ɗaya tana shiga gasa, shekara goma sha ɗaya tana zuwa ta huɗu. Turame uku ake kifewa don waɗanda suka ci su hau, ita kuwa kullum a ƙasa take tsayawa tana tafa musu. Har wadda ta faɗi sau biyu ta tashi tana kuka an rataya wa zinare a gabanta. Kuma bana ce gasarta ta ƙarshe, domin likitarta, wata zabuwa mai tabarau, ta ƙwanƙwasa gwiwar da baki ta ce tsalle uku kacal ya rage a ciki.

Sai ga ni a ofishin hukumar gasa. Awaki ne ma'aikatan, kowace da teburinta. Shugaban alƙalai wani bunsuru ne mai gemu har ƙirji, warinsa ya riga shi cika ɗakin. Na ce a faɗa mini laifin yarinyata. Ya sa aka kawo takardunta, ya karanta shafin farko, ya cinye, domin haka suke adana sirri.

"Tsallenta babu na biyunsa," in ji shi. "Faɗuwa ce ta yi mata yawa. Sau shida a kowace gasa."

Na ce ƙarya yake yi, Saude ba ta taɓa faɗuwa ba tun da ta daina rarrafe. Ya ce ai doka a fili take, duk wadda gwiwarta ta taɓa ƙanƙara ta faɗi. Ashe duk sanda zagaye ya kawo ta gaban teburin alƙalai sai ta ja ta tsaya, ta durƙusa har ƙasa, ta yi musu sannu da aiki, sannan ta ci gaba.

Na tambaye shi me ya hana su gaya mata duk tsawon shekarun nan. Ya amsa yana tuƙa, ya ce ba wanda ya taɓa gaishe su a wurin nan sai ita, kuma abin yana yi musu daɗi. Sukan ce mata yauwa 'yar albarka, sannan su zaftare maki. Na ga rashin ta-ido iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda zai sa maka albarka da baki yana yanka ka da alƙalami ba. Na cire takalmina zan jefe shi, takalmin ya zama tarwaɗa ya suɓuce.

Sai ga mu a zaure, Saude tana ɗaure igiyar takalmanta. Na ce mata yau ko wa ke zaune a teburin nan kada ta kuskura ta durƙusa.

"Goggo, masu gemu ne fa."

"Awaki ne, Saude."

"Ke kika ce ba a wuce mai gemu a tsaye. Ba ki ce ban da awaki ba."

Gaskiyarta ce. Da muciya na koya mata. Tana shekara biyar ta wuce wani tsoho a guje, na sa ta koma ta gaishe shi sau bakwai a durƙushe, maƙwabta suna ta yabona, ni kuma kaina yana kumbura. Kunya ta kama ni, ta juye ta zama haushi, na rasa wanda zan sauke wa. Na ce mata na janye maganar. Ta buɗe tafin hannunta, ga maganar a kwance, ƙarama, baƙa, kamar ƙwallon dabino. Na ɗauke na ƙulle a bakin zane.

Kwaɗi suka fara kiɗan kalangu, Saude ta shiga fili. Tsallen farko ta juya sau uku a iska ta sauka a ƙafa ɗaya. Na biyu ma haka. Sai zagaye ya kawo ta gaban teburin. Da idona na ga gwiwar ta fara lanƙwasa da kanta, kamar jakin da ya san hanyar gida. Na kira sunanta da duk ƙarfina. Ta miƙe, ta wuce su a tsaye, kanta a sama. A tsalle na uku ta bi ruwan sama ta yi nisa har muka fara cigiya, sannan ta sauko ba ko ƙara. Jama'a suka tashi tsaye, ni na rangaɗa guɗar da ban yi ba ko a bikin 'yata ta cikina.

Alƙalai suka ɗaga alluna. Ta huɗu.

Na ƙetare ƙanƙarar nan da jan gindi, ban damu da masu dariya ba. Bunsurun ya ce babu faɗuwa ko ɗaya, wannan kam sun yarda, amma sun cire maki saboda rashin ladabi. Wai yarinyar ta canza, da can mai tarbiyya ce, ko wa ya ɓata ta oho. Awakin duka suka zuba mini ido.

"In ta durƙusa kun ce faɗuwa, in ta tsaya kun ce raini," na ce. "To a ina kuke so ta kasance?"

"Ta huɗu," in ji shi, ya ci gaba da cin allonsa.

Saude ta iso tana jan ƙafa. Da ta yi fushi da na samu sauƙi, amma ko ɗigonsa babu a fuskarta. Ta ce in yi haƙuri, manya sun fi mu sani. Sannan ta fara durƙusawa za ta gaishe ni da gwiwar da ba abin da ya rage a cikinta. Na miƙa hannu in tare ta, hannun bai kai ba. Gwiwar ta ce ƙas, ta sake cewa ƙas.

Na farka. Saude ce a tsakar gida take fasa ƙanƙara da taɓarya, za ta zuba a zoɓo kafin ta tafi makaranta. Da ta ji motsina ta ajiye taɓaryar, ta zo bakin ƙofa ta zube.

"Goggo, ina kwana."

"Tashi tsaye ki gaishe ni."

Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Ta ɗan ɗago, ta tsaya rabi-rabi, ba ta miƙe ba, ba ta koma ƙasa ba, tana jira in ce wasa nake yi. Na juya fuskata bango don kada ta ga idona.