Tubalin da Ya Ƙi Rabuwa

Mijina Sharu magini ne a Baure. Da ya rasu bai bar gona ba, bai bar ɗa ba, sai tubalin da ya yi ta bugawa da rani yana jibgewa a bayan gida. Ni kuwa bangon ɗakina ya tsage, har ina hango awakin maƙwabta daga kan gado. Rubu'ina kawai nake so, in tayar da bango kafin damina.

Ƙaninsa Ɗantsoho ya kira ɗansa Maharazu, malamin lissafi, ya ƙirga. Maharazu ya fito da ƙasa a jikinsa har gira, yana murmushi kamar an yi masa albishir.

"Iya, dubu goma da bakwai ne. Kin san irin wannan lambar? Ba ta rabuwa daidai. A kasa biyu, a kasa huɗu, a kasa ɗari, sai an bar saura. Ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum dubu goma da bakwai kowa ya ɗauki ɗaya."

Na ce, "To sannu. Ita ma gadon take ci?"

Shi sha'awa ce ta sa shi faɗa, na sani. Amma ubansa ya cafke maganar. "Kin ji da kunnenki, Kande. Ilimi ya ce ba ya rabuwa. Ya zauna a hannuna tukuna."

Na ce, "Ɗantsoho, yaushe ka fara jin maganar ilimi? Kai da ko awon hatsi sai ka danna babban yatsa a kwano!"

Na yi ta sintiri gidan mai unguwa, yau ya tafi Daura, gobe yana jana'iza. Kafin a zaunar da mu, ruwan farko ya sauka a kan tubalin, ba ko zana a kansa.

Ranar zama Maharazu ya sunkuyar da kai ya ce shi bai ce kada a raba ba. Mai unguwa ya ce a cire bakwai a kai katangar maƙabarta, sadaka ga mamacin. Sauran dubu goma suka rabu lafiya lau, nawa dubu biyu da ɗari biyar. Ɗantsoho ya nuna mini ɓangaren gabas, inda ruwa ya fi duka. Kusan rabi sun koma laka.

Bangon ya tashi iya kafaɗata, na ƙarasa da karan dawa. Zan koma wurin mai unguwa, don asarar ruwan nan ba ni kaɗai zan ɗauka ba.

Amma lambar ba na jin haushinta. Wani lokaci ina tankaɗe sai in tuna ta. Sharu bai taɓa ƙirga tubalinsa ba, bugawa yake har ya gaji. Da ya ƙara guda ɗaya ranar ƙarshe, da Ɗantsoho bai sami abin fakewa ba. Ko da yake na san shi. Da ya nemo wani.